Daga Myeongdong Zuwa Yakhyeon a Ƙafa: Yadda Na Ziyarci Shahidan Seoul

Tun da aka sanar cewa birnin Seoul ne zai karɓi baƙuncin taron matasan Katolika na duniya a watan Agustan 2027, 'yan cocinmu na gida suke ta turo min tambayoyi, da yake sun san ina karatu a Koriya ta Kudu. Wasu kuɗin jirgi ne damuwarsu, wasu biza, wasu kuma sanyi. Amma tambayar da ta fi yawa ita ce: idan mutum ya samu rabin wuni a Seoul, ina zai je ya yi addu'a, kuma ta yaya zai kai kansa ba tare da ɗan jagora ba? Amsata ita ce ya taka da ƙafarsa daga babban cocin Myeongdong, ya bi ta filin Seosomun inda aka sare kawunan masu bi, ya ƙare a cocin Yakhyeon da ke kan tudu. Tafiyar kimanin kilomita 2 ce kawai, ba a biyan kuɗin shiga ko'ina, amma akwai wurare uku ko huɗu da baƙo zai iya rikicewa har ya haƙura ya koma masauki. Shi ya sa nake so in faɗi yadda tawa ta kasance daki-daki.

Ruɗanin farko tun a ɗaki ya same ni. Da na bincika sai na tarar akwai hanyar ziyarar ibada ta Seoul wadda Fadar Vatican ta amince da ita a watan Satumban 2018, ta farko irinta a nahiyar Asiya. Tsawonta kilomita 44.1, ta ratsa wurare 24, an kuma raba ta kashi uku. Kashi na farko ya tashi daga Myeongdong ya ƙare a cocin Gahoe-dong, kilomita 8.7. Na biyu ya ɗauka daga can zuwa Yakhyeon, kilomita 5.9. Na uku shi ne mai tsawo, kilomita 29.5, har dutsen Samseongsan. Wanda ya dubi wannan taswira zai ɗauka cewa daga Myeongdong zuwa Yakhyeon sai an yi zagayen sama da kilomita 14, alhali cocin biyu kusan maƙwabta ne, akwai hanyar yanke ta kasuwar Namdaemun. Ruɗani na biyu kuwa na waya ne. A lokacin da na yi tafiyar, Google Maps ba ya nuna hanyar ƙafa a Koriya, sai ta bas da jirgi. Wata Sista 'yar Najeriya da muke haɗuwa da ita a coci ita ta warware min. Ta ce, "Ɗana, sauke Naver Map ko KakaoMap tun kafin ka fita. Kuma kada ka je ranar Litinin, gidan tarihin Seosomun ba ya buɗewa." Na ce, "To Sista, wace rana ce ta fi?" Ta ce kowace rana da nata, Asabar akwai ɗaurin aure, Lahadi akwai cunkoson masu sujada. Na zaɓi wata Asabar a cikin Satumba, domin shi ne watan shahidai a wurin Katolikan Koriya, kuma ranar 20 ga watan ake bikin Waliyyi Andrew Kim Taegon da Paul Jeong Ha-sang da abokansu.

Da sassafe na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa. Ana biya da katin T-money, wanda ake saya a kowane ƙaramin shagon unguwa irin su CU ko GS25, kuma kuɗin tafiya ɗaya a cikin gari bai wuce won 1,500 na kuɗin Koriya da ɗan wani abu ba. Ku riƙe tsabar kuɗi a aljihu, don a lokacin da tsaba kaɗai ake loda katin, haka ma masu tuya a kasuwa sun fi son ta. Tashar Myeong-dong tana kan layi na 4, amma wanda ya zo ta layi na 2 zai iya sauka a Euljiro 3-ga ko Euljiro 1-ga. Unguwar ta shagunan kayan kwalliya ce da tufafi, da yamma ba masaka tsinke, amma da safe masu shara ne kawai da motocin sauke kaya. Ba a hango cocin daga nesa saboda dogayen gine-gine sun kewaye shi. Sai ka zo daf sannan ka ga faffaɗan matakala, a samanta kuma hasumiyar jan bulo mai tsini.

Wani Fada Bafaranshe, Eugène Coste, shi ya zana ginin, aka keɓe shi a watan Mayun 1898 da sunan Maryamu wadda aka yi cikinta ba tare da zunubi ba. Ba mai gadi da ya tambaye ni takarda, ba bincike a ƙofa. Ga wanda ya saba da wucewa ta gaban jami'an tsaro kafin ya shiga coci ranar Lahadi, wannan kaɗai abin lura ne. A ciki na tarar da mutane jefi-jefi a durƙushe, tsofaffin mata da farin gyale mai raga a ka, ba ka jin ko tari. Wanda ke son Mas da Turanci, akwai ta ranar Lahadi da ƙarfe 9 na safe, sai dai a isa da wuri. Abin da baƙi da yawa ke tsallakewa shi ne ƙaramin ɗakin sujada na ƙarƙashin bagadi. Ba ta cikin cocin ake shigarsa ba, sai ka fito ka zagaya bayan ginin, kusa da siffar Uwarmu Maryamu inda ake kunna kyandir. A can aka ajiye ƙasusuwan wasu shahidai, ciki har da na Bishop Laurent Imbert da Fada Maubant da Fada Chastan, waɗanda aka kashe a 1839. Rufin gajere ne, kujerun ba su da yawa. Na ja carbina a can, kuma ina ba kowa shawara ya fara daga nan, don sauran tafiyar duk bayani ce a kan yadda waɗannan mutane suka kai ga haka.

Da na fito harabar sai na tuna a nan ne ɗalibai masu zanga-zangar neman dimokuraɗiyya suka fake a watan Yunin 1987, Kadinal Stephen Kim Sou-hwan ya shaida wa hukuma cewa duk mai son kama su sai ya fara taka shi, sannan fadoci, sannan sistoci. Har yau 'yan Koriya da ba Katolika ba suna girmama wurin saboda wannan.

Takarda ɗaya ce a duk tafiyar, ita ma ba dole ba ce: wani ɗan littafi da suke kira fasfon mai ziyara, wanda ake buga wa hatimi a kowane wuri. A ƙarƙashin matakalar cocin akwai wani fili mai suna 1898, da shagon littattafai da wurin shan shayi da banɗaki, a can na same shi. Na ɗan jira har aka buɗe tebur, sannan wata dattijuwa 'yar sa-kai ta karɓe ni. Turancinta kaɗan ne, Koriyancina ma haka, amma ta buɗe taswira ta nuna min da yatsa. Ba farashi ba ne, gudummawa ce da ba ta kai kuɗin kwanon abinci ba. Ta tambaye ni ƙasata, na ce Najeriya, sai ta riƙe hannuna da hannayenta biyu ta ɗan sunkuya. Na ce, "Na gode, Mama," da harshena, ta gane nufina. A lokacin watan shahidai ne aka fi samun littafin cikin sauƙi. Hatimin kuwa kai ne za ka buga wa kanka, yana cikin ɗan akwati a kowane wuri, don haka kada ka tsaya neman ma'aikaci.

Daga nan na gangaro babban titin Myeongdong na nufi yamma har na fito titin Namdaemun-ro, na karya hagu. A mahaɗar da ke gaban tsohon ginin Babban Bankin Koriya, wani ginin dutse na 1912 da yanzu ya zama gidan tarihin kuɗi, nan ne wuri mafi rikitarwa a duk hanyar. Titunan faffaɗa ne, a wasu ɓangarori sai an sauka ƙarƙashin ƙasa kafin a tsallaka, can ƙasa kuma kasuwa ce guda mai ƙofofi barkatai, kowace na fitar da kai wani gefe daban. Alamar waya ma takan ruɗe a ciki. Dabarar ita ce a manta da sunan coci, a bi allunan da aka rubuta Namdaemun Market ko Sungnyemun. Su ne suka fitar da ni daidai bakin kasuwa.

Kasuwar Namdaemun ta cika maƙil ranar Asabar: masu barguna, masu tabarau, masu busasshen kifi, masu babura suna kutsawa da kaya a baya. Na sayi hotteok, wata waina mai zafi da ake cusa wa sukari da gyaɗa, na ci a tsaye a gefen rumfa. Wanda ke son abinci sosai ya ci a nan, akwai lungun masu taliyar kalguksu, domin daga nan gaba wuraren cin abinci sun ragu har sai an kai Jungnim-dong, unguwar da cocin Yakhyeon yake. A ƙarshen kasuwar sai ga Sungnyemun, babbar ƙofar kudu ta tsohuwar ganuwar birnin, wadda wani ya cinna wa wuta a 2008 aka sake buɗe ta a 2013. Ku tsaya a nan ku lura da abu ɗaya: daga wannan ƙofa kun fita daga tsohon birni. Myeongdong na cikin ganuwa, wurin kisa kuwa a bayanta yake, kusa da kasuwar Chilpae ta wancan zamani, don masarautar Joseon da ke mulkin Koriya a lokacin ta fi son a yi hukunci inda jama'a za su gani su tsorata.

Daga ƙofar na bi titin Chilpae-ro, na hau gadar Yeomcheon da ta tsallake layukan dogo na tashar Seoul, inda tsofaffin shagunan masu ɗinkin takalma suke a jere. Da na sauka gadar, taswira ta ce na iso. Na duba hagu da dama, ban ga gidan tarihi ba, sai lambu da ciyawa da bishiyoyi, jirage na wucewa ta gefe. Wannan shi ne ruɗani na ƙarshe, kuma na ga wasu baƙi biyu suna ta zagaye da waya a hannu saboda shi. Gidan tarihin Seosomun a ƙarƙashin lambun yake gaba ɗaya, ana shigarsa ta wata gangara mai bangon jan bulo. Kafin in sauka na tsaya gaban ginshiƙan dutse uku na tunawa da shahidai, waɗanda aka sassaƙa da siffar katakon da ake maƙala wa fursuna a wuya. A nan Fafaroma Francis ya tsaya ya yi addu'a ranar 16 ga Agustan 2014, kafin ya wuce dandalin Gwanghwamun ya ayyana shahidai 124 a matsayin masu albarka, wato matakin da ke kafin zama waliyyi. A kan wani benci a cikin lambun kuma akwai siffar tagulla ta mutum kwance ya lulluɓa da bargo kamar marar gida. Ba ka ganin fuskarsa. Sai ka matso ka dubi ƙafafunsa da suka leƙo, ka ga ramukan ƙusa.

An buɗe gidan tarihin a 2019, shiga kyauta, daga ƙarfe 9:30 na safe zuwa 5:30 na yamma. Na yi niyyar minti talatin, amma a nan na kashe mafi yawan lokacina, kuma ban yi da-na-sani ba. Daga cikin waliyyai 103 da Fafaroma John Paul na Biyu ya ayyana a Seoul ranar 6 ga Mayun 1984, guda 44 a wannan fili aka kashe su. Daga cikin masu albarka 124 kuma, 27. Amma ba lissafin ne ya kama ni ba, yadda addinin ya shigo ƙasar ne. Ba mishan ne suka kawo shi ba. Wasu malamai 'yan Koriya ne suka karanta littattafan da ake shigowa da su daga ƙasar Sin, suka tura ɗaya daga cikinsu, Yi Seung-hun, ya bi ayarin jakadu zuwa Beijing, aka yi masa baftisma a 1784, ya dawo ya yi wa 'yan'uwansa. Shekara goma suna taruwa, suna koyarwa, suna addu'a ba Fada ko ɗaya, sai a ƙarshen 1794 wani Fada ɗan Sin, Zhou Wen-mo, ya shigo a ɓoye. Ina karanta wannan ina tunanin katikis-katikis ɗinmu na ƙauyuka, waɗanda ke riƙe coci da hannu biyu alhali Fada sai wata-wata yake leƙowa. Rikici da masarauta ya taso ne a kan bukukuwan girmama kakanni, da Bishop na Beijing ya hana a 1790, da kuma yadda masu bi ke zama tabarma ɗaya, bawa da ɗan sarauta, mace da namiji, a ƙasar da aka gina kan bambancin matsayi. Aka yi ta kisa a 1801 da 1839 da 1846 da 1866, har aka rasa kimanin mutum 10,000 cikin ƙarni guda. Shi kansa Yi Seung-hun a wannan fili aka sare shi a 1801.

Labarin gida ɗaya ne ya sa na nemi wuri na zauna. An kashe Jeong Yak-jong a nan a 1801, tare da babban ɗansa a shekarar. Ya bar ƙaramin yaro, Ha-sang, da 'yar'uwarsa da mahaifiyarsu, aka ƙwace dukiyarsu, dangi suka juya musu baya. Yaron ya girma ya zama jagoran masu bi, ya yi ta zirga-zirga zuwa Beijing yana roƙon a aiko musu fadoci, har ya rubuta wa Fafaroma. A watan Satumban 1839 aka kawo shi filin da aka kashe mahaifinsa aka sare shi. Mahaifiyarsa Cecilia, tsohuwa tukuf, ta rasu a kurkuku bayan bulala, 'yar'uwarsa Elizabeth kuma aka sare ta a nan kafin shekarar ta ƙare. Ɗakin sujadar da ke cikin gidan tarihin sunansa aka sa masa.

A hawa na can ƙasa akwai wani babban zaure mai duhu da ake kira zauren ta'aziyya, hotuna na gudana a bangonsa huɗu, haske ɗaya na saukowa daga sama zuwa tsakiya. Daga shi sai ka fita wani fili mai dogayen bangaye na jan bulo, ba rufi, ba taga, sai sama kawai, a gefe guda an jera siffofin mutane da aka yi da tsofaffin katakan layin dogo. Mutane na ɗaukar hoto sosai a nan, matasa da yawa ma don hoton suka zo, ban ga laifinsu ba, amma mai son natsuwa ya zo da safe. Wani abu da ya burge ni shi ne ba a ɓoye cewa ba Katolika kaɗai aka kashe a filin ba. Akwai 'yan tawaye da masu neman gyara da mabiya Donghak, wani addini na 'yan Koriya, kuma an yi ta muhawara kafin a gina wurin kan ko daidai ne addini ɗaya ya mallaki tarihinsa. A ganina faɗin hakan bai rage wa shahidanmu komai ba. Mafi yawan bayanan da Koriyanci suke, wasu da Turanci, don haka manhajar fassara ta Papago mai karanta hoto ta yi min amfani ƙwarai. Akwai banɗaki da wurin zama da ɗakin karatu, a nan ya kamata mai tafiya da tsofaffi ya huta da su.

Daga lambun zuwa Yakhyeon bai fi minti biyar zuwa goma ba: a tsallaka titin Cheongpa-ro a hau tudu. A lura cocin na da suna biyu, wasu alluna na cewa Yakhyeon, wasu Jungnim-dong, duk wuri ɗaya ne. Hawan gajere ne amma da tsayi, ga zafin Satumba mai ɗanko, sai da na jiƙe da gumi. Ina isa na tarar da abin da Sista ta faɗa: ana ɗaurin aure, ƙofa a rufe ga baƙi, mutane cikin kwat da furanni sun cika harabar. Wani mutum mai kula da ƙofa ya nuna min agogonsa ya ɗaga yatsa ɗaya, na fahimci awa guda. Raina ya ɗan sosu da farko, don ƙafata ta gaji, amma jiran ya yi min rana. Na bi Hanyar Gicciye da aka shimfiɗa a cikin bishiyoyin gefen tudun, na shiga ƙaramin ɗakin baje kayan tarihin shahidai, na buga hatimina, sannan na tsaya ta inda ake hango ɓangaren Seosomun. A nan na gane dalilin gina cocin a wannan wuri. Bayan yarjejeniyar Koriya da Faransa ta 1886 ta sassauta wa addinin, masu bi suka zaɓi tudun da ke kallon filin da aka zubar da jinin iyayensu, a lokacin da waɗanda suka ga kisan 1866 da idonsu suna nan da rai.

Da 'yan biki suka watse na shiga. Coci ne ƙarami, an kammala shi a 1892, shekara shida kafin Myeongdong, shi ne cocin bulo na farko irin na Turai a Koriya, kuma Fada Coste ɗin nan ne ya zana shi. Sunan Waliyyi Yusufu yake ɗauke da shi. A cikinsa aka naɗa fadoci karo na farko a kan ƙasar Koriya, a 1896. Gobarar da wani ya tayar a 1998 ta cinye shi sosai, aka maido da shi yadda yake a 2000. Bayan girman Myeongdong da zurfin Seosomun, ƙanƙantar wannan wuri ta fi kwanta min, na yi addu'a domin gida da waɗanda suka rasa nasu saboda bangaskiya, ko wace iri ce.

Duka-duka, abin da na kashe kuɗin jirgi ne zuwa da dawowa, da gudummawar fasfo, da waina da ruwan gora, da kyandir. Tafiyar ƙafar zalla ba ta kai minti arba'in ba, amma a ware awa huɗu zuwa biyar idan ana so a tsaya a ko'ina yadda ya kamata. A fara daga Myeongdong a ƙare a Yakhyeon, kada a juya, don ta haka labarin ke bin kansa, kuma ana isa gidan tarihin tun kafin ya cika. Wanda bai son jiran 'yan biki ya zo tsakanin Talata da Juma'a. Masu zuwa a ƙungiya su yi haƙuri da ganga da waƙa har sai sun fito waje, mutanen nan sujadarsu ta shiru ce, ko gaisuwar salama ma sunkuyawa suke yi maimakon musabaha. A sa takalmi mai taushi, a ɗauki laima idan Yuli ne ko Agusta, lokacin damina da tsananin zafi, wanda kuma shi ne lokacin taron 2027. Mai tura keken guragu ko wanda matakala ke ba wahala ya kauce wa mashigar ƙarƙashin ƙasa ta wajen banki, ya bi gadar masu ƙafa ta Seoullo 7017 daga Hoehyeon, tana da lif, kuma tana sauke mutum kusa da Jungnim-dong.

Komawa ba wuya. Tashar Chungjeongno, mai layi na 2 da na 5, tana bayan tudun, tashar Seoul ma ana takawa. Wanda ƙarfinsa bai ƙare ba zai iya ɗaukar layi na 1 daga tashar Seoul zuwa Yongsan ya nemi Saenamteo a kusa da kogin Han, inda aka kashe Fada Kim Taegon, Fada na farko ɗan Koriya, a 1846 yana da shekara 25, ko ya bi layi na 2 zuwa Hapjeong ya ga Jeoldusan, wani wurin da aka kashe masu bi. Su ma kowanne da akwatin hatiminsa, don haka kada a bar fasfon a masauki.